Ƙafa Huɗu Ba Ta Hana Santsi

'Yan'uwa manoma, duk sa'ad da ƙungiyar gama kai ta tara kuɗi za ta sayi mota, tambayar fari da 'yan kwamiti su kan yi ita ce, "Tana ja da ƙafa huɗu?" In aka ce i, sai hankalin kowa ya kwanta. Tambayar tana da kyau, gama hanyoyin gonakinmu sun fi ƙarfin ƙaramar mota, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba. Amma akwai wani kuskure da ya kan biyo motar har gida. Direba ya kan ɗauka tun da motarsa ba ta kafewa a laka, ai ba za ta zame ba. Shugaba kuma ya kan ɗauka tun da an kashe kuɗi masu yawa, babu ranar da za a ce motar ba za ta fita ba. A ganina wannan zato ya fi lakar kanta hatsari, kuma gyaransa yana wuyan ƙungiya duka, daga shugaba har mai zama a bayan mota.

Abin da ƙafa huɗu ke yi

A yawancin motoci inji yana juya ƙafa biyu ne kawai, ko na gaba ko na baya, sauran biyun kuwa suna bi. In ƙafafun da ke juyawa suka faɗa cikin taɓo, sai su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana raba ƙarfin inji zuwa gaba da baya, saboda haka in na baya suka rasa abin kamawa, na gaba su jawo ta. Domin irin wannan aiki aka ƙera Land Rover, wadda aka fara nunawa a birnin Amstadam a 1948. Manoman Ingila aka nufa da ita, masu shiga gona da jan kaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma a hankali a ke wannan aiki.

To, ga inda kuskuren ya ke. Birki ba ruwansa da yawan ƙafafun da inji ke juyawa. Kowace mota, har tsohuwar tasi ta cikin gari, tana da birki a ƙafa huɗu. In ka taka birki, inji ya gama nasa aiki, saura taya da ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa kuwa bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. A kan tafin hannu huɗu ɗin nan ne mota da kayanta da mutanenta su ke tsayawa, a kansu ne kuma ta ke shan kwana. In ƙasa ta yi sulɓi, babbar mota da ƙaramar mota duk hali ɗaya su ke ciki.

Har ma a iya cewa mai ƙaramar mota ya fi samun gargaɗi. Da ya taka totur ya ji ƙafa tana wulwulawa, ya san hanya ba kyau, sai ya rage gudu. Mai ƙafa huɗu kuwa motarsa ta kan tashi lafiya lau, ba ta gaya masa kome ba. Sai ya zo kwana, ko saniya ta faɗo hanya, sa'an nan ya gane a kan me ya ke tafiya. A lokacin kuwa gudunsa ya riga ya yi yawa.

Darasi daga ƙasashen sanyi

Mutanen da suka fi kowa sanin santsi su ne na ƙasashen da dusar ƙanƙara ke sauka, kamar Kanada, da arewacin Amurka, da arewacin Turai. Dusar ƙanƙara ta kan zubo fara fat kamar auduga, ta rufe hanya. In motoci suka tattake ta, ko ta narke da rana ta sāke daskarewa da dare, sai hanya ta zama kamar gilashi. Wani lokaci ƙanƙarar ba ta ko ganuwa, direba ya ga baƙar kwalta ya ɗauka jiƙewa ce kawai. Gada ta kan riga sauran hanya daskarewa, domin iska mai sanyi tana bi ta ƙarƙashinta. Labarinsu ya shafe mu, gama da yawa daga motocin gwanjo da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga can su ke fitowa, kuma abin da suka koya a kan waɗannan motoci zai yi mana amfani.

Dokokin hanya na Ingila suna koya wa mai neman lasin cewa a jiƙaƙƙiyar hanya tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya ta kan ninka sau 2 ko fiye, a kan ƙanƙara kuwa tana iya ninkawa har sau 10. Ba a ware mota mai ƙafa huɗu daga wannan lissafi ba. A lardin Kwibek na ƙasar Kanada, tun 2008 doka ta tilasta wa masu motoci su sa tayoyin sanyi a lokacin hunturunsu, kuma dokar ta hau kan mai ƙafa huɗu kamar yadda ta hau kan kowa. Robar tayar sanyi ba ta taurarewa in sanyi ya yi tsanani, zanenta kuma yana da ƙananan tsage masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Watau masu yin dokar sun duba abin da ke taɓa ƙasa, ba su duba girman inji ba. Inda dusar ta yi yawa a kan duwatsu, har sarƙa a kan ɗaura wa taya, a kuma yi tafiya kamar ta keken shanu.

Sun kuma koyi cewa akwai ranar da ba motar da ta isa fita. A farkon watan Janairu na 2022, dusar ƙanƙara ta sauka a jihar Bajiniya ta Amurka, manyan motoci suka zame suka gitta babbar hanyar da ke zuwa Washintan. Motoci suka jeru fiye da kilomita 60, mutane suka kwana a cikinsu. Wani sanata mai suna Tim Kaine ya yi awa 27 a hanyar da ya saba yi cikin awa 2. A ƙarshen wannan shekara, a makon Kirsimeti, guguwar dusa ta rufe birnin Bafalo a jihar Niyok, dusar ta taru fiye da mita 1. Hukuma ta hana tuƙi. Motocin da aka bari a kan hanya suka tare masu share dusa, har motocin kashe gobara da na asibiti suka maƙale. Mutum fiye da 40 suka mutu a yankin, waɗansu a cikin motocinsu. Ku lura da abu ɗaya a nan. Kome ƙarfin motarka, in ta gabanka ta gitta hanya, kai ma ka tsaya. In kuwa taka ce ta gitta, ka tare mara lafiyar da ke bayanka.

Namu santsin

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da abin da ke yin aikinta. Na fari shi ne ruwan farko na damina a kan kwalta. Watanni ƙura da baƙin mai suna taruwa a kan hanya, yayyafin farko ya dama su, hanya ta zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Na biyu shi ne hanyar burji bayan ruwa, inda samanta ya yi laushi, ƙarƙashinta kuwa da tauri, sai mota ta yi ta tafiya a kaikaice. Na uku shi ne baƙar lakar fadama, da ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Gamborun Ngala, wadda ta kan cika zanen taya har tayar ta zama sumul kamar tulu. Da hunturu kuma ga hazo, wanda ya kan rufe ido kamar yadda guguwar dusa ke yi. Ƙafa huɗu ba ta ƙara wa direba gani ko taku ɗaya.

Lissafin gudu ɗaya ne a can da nan, kuma ya kamata kowane direba ya haddace shi. In ka ninka gudu sau 2, tazarar birki ta kan ninka sau 4. Motar da ke bukatar mita 10 ta tsaya a gudun kilomita 40, za ta bukaci mita 40 a gudun kilomita 80, a hanya ɗaya da taya ɗaya. Ban da wannan, a gudun kilomita 60 mota tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa, watau kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, ka riga ka wuce tsawon ɗakuna huɗu ko biyar. Ka ɗora jiƙaƙƙiyar hanya a kan wannan, ka ga inda za ka tsaya.

Sai maganar lodi. Yawancin a-kori-kura an yi su ne domin kayan da bai wuce tan 1 ba, har da nauyin mutanen da ke ciki. Buhun taki 20 masu kilo 50 sun cika tan 1. Buhun masara 10 masu kilo 100 ma sun cika. Ranar kasuwa kuwa mun san abin da a ke yi: a jera buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure da igiya, sa'an nan mata da yara su hau bisa. Mota mai ƙafa huɗu dama doguwa ce, an ɗaga ta sama domin kada cikinta ya taɓa ƙasa. Abin da ke da tsawo kuwa ya fi saurin kifewa, kuma kowane buhu da aka ƙara a sama yana ƙara mata wannan hali. In ƙaramar mota ta zame ta kan juya ta tsaya. Doguwar mota mai lodi in ta zame har ƙafarta ta bugi bakin lambatu, sai ta kwanta, waɗanda ke bisa kuwa ba abin da zai tare su.

A gangare, kamar na hawan Mambila ko na gefen tsaunukan Filato, nauyi ya kan sa birki ya yi zafi har ya daina kamawa. Direban kirki ya kan sa babbar giya mai ƙarfi, watau ta ɗaya ko ta biyu, tun yana kan tudu, ya bar inji ya riƙe motar. Wanda ke kashe inji ko ya cire giya a gangare wai don ya rage shan mai, yana sayar da ran mutane a kan kuɗin lita ɗaya.

Ruwa mai gudu

A nan ne yarda da mota ta fi cin rai. An yi ruwa a kan tudu, rafi ya kawo, ya hau kan kwalbati. Ƙananan motoci sun tsaya a gefe suna jira. Mai ƙafa huɗu ya zo, jama'a suna kallonsa, wani ya ce, "Kai ai taka za ta wuce." Sai kunya ta tura shi.

Hukumar duba yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi da waɗannan ma'aunai. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15, watau ya ɗan wuce idon sawu, yana iya kā da babban mutum. Santimita 30 yana iya tafiya da yawancin ƙananan motoci. Santimita 60, wanda ya ɗan wuce gwiwa, yana iya tafiya da a-kori-kura da manyan motoci masu ƙafa huɗu. Dalili kuwa a fili ya ke. Ruwa yana da nauyi ƙwarai, lita 1,000 tan 1 ce. Yana tura motar daga gefe, yana kuma ɗaga ta kamar kwalekwale. Da zarar taya ta bar ƙasa, ko ƙafa goma inji ke juyawa, iska su ke tuƙawa.

Jan ruwa kuma yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Mai yiwuwa ya riga ya cinye gefen kwalbatin da ka bi da safe. Ko da an tsira da rai, in ruwa ya shiga inji ta wurin da ya ke shaƙar iska, ya kan lanƙwasa ƙarafan ciki nan take, kuɗin gyara kuwa yana iya cinye ribar shekara. Rafukan tudu yadda su ke saurin kawowa haka su ke saurin janyewa. Sau da yawa jiran awa biyu ko uku ya isa.

Amma kaya za su lalace

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Kasuwa sau ɗaya ta ke ci a mako. Tumatir da barkono ba sa jira. In taki bai kai gona a kan lokaci ba, masara ba za ta yafe ba. Bashin motar kuma yana nan, ko ta fita ko ba ta fita ba. Me ya sa muka sayi mai ƙafa huɗu in za mu ajiye ta duk ran da aka yi ruwa?

Ba na cewa a ajiye ta. Mun saye ta domin ta fitar da mu daga lakar da za ta riƙe wata mota, a hankali, da lodin da ya dace, kuma wannan aiki tana yinsa sosai. Abin da na ke ƙi shi ne a mai da ƙarfinta dalilin gudu da dalilin shiga ruwa. Mu auna asarar biyu. In aka yi jinkiri, an rasa kwandunan tumatir na mako ɗaya, abin baƙin ciki ne, amma za a sāke tsinka. In motar ta kife, an rasa tumatirin, an rasa motar, bashi yana nan, ga kuɗin asibiti, wataƙila kuma ga gidan da aka bari da marayu. Ƙungiyar da irin wannan ya same ta da wuya ta sāke tsayawa, gama amana ta kan tafi tare da motar. Sauri ya haifi nawa.

Ko sa'ad da a ke kai mace mai naƙuda asibiti da dare, wanda shi ne lokacin da zuciya ta fi tura direba, amfanin tafiyar shi ne a kai. Maganin wannan yana tun kafin ranar: in watan haihuwa ya faɗo tsakiyar damina, kuma akwai rafi tsakaninku da asibiti, a kai ta wurin dangi kusa da asibitin tun da sauran kwanaki. Maganar taki ma haka ta ke. A kwaso shi a watan Afrilu ko Mayu, tun hanya tana bushe.

Laifin kuma ba na direba kaɗai ba ne. Mu ne mu ke yabon wanda ya tsallake rafi, mu ce jarumi ne, mu kira wanda ya tsaya matsoraci. Mu ne mu ke cewa, "Direba, rana tana yi." Yaron da a ke biya albashi ba zai iya musu da shugaban da ke zaune a gefensa ba, balle in shugaban sa'an mahaifinsa ne. Saboda haka dole ƙungiya ta ba shi abin da zai dogara a kai, a rubuce.

Abin da ƙungiya za ta rubuta

Ina ba da shawara kowace ƙungiya mai mota ta sa waɗannan a littafinta, a karanta a gaban kowa.

1. Direba ne ke da magana ta ƙarshe a kan hanya. In ya ce ba za a wuce ba, ko shugaba ba zai tilasta masa ba, ba kuwa za a rage masa albashi saboda jinkirin ba.

2. Ba a shiga ruwa mai gudu. In ruwan a tsaye ya ke, kuma an san hanyar, mutum ya fara aunawa da sanda. In ya kai tsakiyar ƙafar mota, a jira. Bayan an fita daga ruwa, a tattaka birki a hankali har ya bushe.

3. A rubuta yawan buhunan da motar za ta ɗauka a jikin ƙofarta. Ba mai hawa bisa lodi. Waɗanda ke ciki su ɗaura bel.

4. A jiƙaƙƙiyar hanya a rage gudu tun kafin kwana, a ninka tazara tsakaninku da motar gaba. Totur da birki da sitiyari duk a taɓa su a hankali. In bayan mota ya fara zamewa, a ɗaga ƙafa daga totur, a dubi inda a ke so a je, a juya sitiyari can, kada a danne birki da ƙarfi. Cikin hazo a kunna ƙaramar fitila, gama babbar tana dawo da haske cikin ido.

5. A sa ƙafa huɗu kafin a shiga laka, kada a bari sai an kafe. A motocin da a ke sa ta da hannu, a cire ta in an hau busasshiyar kwalta, domin barinta yana cin taya yana kuma wahal da giya.

6. Kuɗin taya ya riga kuɗin fenti da ado. Kafin damina a duba zanen kowace taya. A jikin taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. In za a sayi ta gwanjo, a duba ko akwai hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa. Wannan tayar sanyi ce, robarta mai laushi ce, zafin kwaltarmu ya kan cinye ta da wuri.

7. In motar gwanjo ce daga ƙasar sanyi, makaniki ya shiga ƙarƙashinta ya duba bututun man birki. A can gishiri a ke zubawa a hanya don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa yana sa tsatsa.

8. Kada mota ta fita da damina ba shebur, da igiya mai ƙarfi, da jak, da katako, da tocila, da ruwan sha. A kuma gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin da a ke sa ran dawowa.

Waɗannan ba su bukatar kuɗi mai yawa, sai na taya. Abin da su ke bukata shi ne manya su yarda a ce musu a'a a bakin rafi. Ina roƙon sakatarori su kawo wannan magana a taro na gaba, tun ruwa bai sauka ba, a kira direba ya zauna a ciki, a ji ta bakinsa a kan wuraren da ya fi jin tsoro a hanyarku. Shi ya san su. Allah ya kiyaye hanya.